Daga Bakin Shaidu Zuwa Hatimin Lauya: Tarihin Tabbatar da Takardu a Malali da Birnin Kaduna

Unguwar Malali, wadda ke arewa da kogin Kaduna a cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, tana maƙwabtaka da Unguwar Rimi da Badarawa, tana daga cikin wuraren da hanyoyi uku na tabbatar da takarda suke aiki a lokaci guda, alhali kowace daga cikinsu ta fito ne daga zamani dabam, da kuma fahimta dabam game da abin da ya isa a kira shi hujja. Akwai takardar cinikin fili ko gida da ake rubutawa a gaban mai unguwa da dattawan layi, akwai takardar rantsuwa da ake yi a gaban kwamishinan rantsuwa a ofishin kotu, sannan akwai hatimin notari, wato lauyan da Babban Jojin Najeriya ya naɗa domin ya shaida sa hannu, ya rantsar da mutane, ya kuma tabbatar da cewa kwafin takarda ya dace da asalinta. Tarihin waɗannan hanyoyi tarihi ne na yadda amana ta tashi daga kan mutumin da aka sani ta koma kan tambarin da baƙo zai iya ganewa, kuma da yawa daga cikin rigingimun da ake yi a kan takardu a Kaduna suna tasowa ne daga ɗora wa ɗaya daga cikin hanyoyin nauyin da ba nata ba.

Tushen al'amarin a ƙasar Hausa shi ne fiƙihun Malikiyya. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi ya yi shifta, a kuma kafa shaidu. Duk da haka malaman fiƙihu ba su ɗauki rubutu shi kaɗai a matsayin hujjar da alƙali zai yanke hukunci a kanta ba, saboda ana iya kwaikwayon hannun mutum, takarda kuma ba a iya titsiye ta da tambaya. Abin da ke tabbatar da haƙƙi shi ne shaidar adalai, wato mutanen da aka san su da riƙon addini da kiyaye mutunci, waɗanda idan alƙali bai san su ba sai an yi musu tazkiyya, ma'ana wasu amintattu su tsaya su tabbatar da halinsu. Malikawa sun fi wasu mazhabobi sassauci a nan, domin sun yarda da shaida a kan rubutu, inda mutum biyu za su tabbatar cewa wannan hannun wane ne idan shi marubucin ya rasu ko ya yi nisa. A Andalus da ƙasashen Magrib wannan ya haifar da sana'a mai zaman kanta ta adalai masu rubuta takardun ciniki da aure da wakilci da wasiyya, har malamai irin su Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1009, suka wallafa littattafan da ke koyar da lafuzzan da ya kamata kowace irin takarda ta ƙunsa, Ibnu Haldun kuma ya bayyana cewa waɗannan adalai suna da shaguna a birane inda masu buƙata ke samun su. A Maroko sana'ar tana nan da ranta har yanzu a ƙarƙashin kulawar alƙalai.

Littattafan da suka ƙunshi waɗannan hukunce-hukunce sun iso ƙasar Hausa, musamman Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wanda alƙalan Arewa ke kafa hujja da shi har gobe, sai dai sana'ar adalai masu shago ba ta kafu da wannan siffa ba. Dalili na farko shi ne takarda kanta haja ce ta fatauci da ake ɗaukowa ta Sahara daga Turai, kuma Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa ta cikin kayan da ake shigowa da su kasuwar birnin. Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne gona da gida suna hannun tsarin sarauta, dagaci ko mai unguwa ne ke yanka fili a gaban jama'a, iyaka kuma tana cikin ƙwaƙwalwar maƙwabta da itatuwa da shingen da aka dasa, saboda haka wanda ya musanta ciniki ba takarda yake ƙaryatawa ba, unguwa ɗungurungum yake ƙaryatawa. Rubutun hukuma ya taru ne a fada da zauren alƙali. A daular Usmaniyya ofishin Waziri, tun daga Gidado ɗan Laima a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ne ke riƙe da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da masarautu, kuma wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna irin ƙwarewar da aka kai a wannan fanni. Wasiƙar sarki tana ɗauke da hatimi, amma tana zuwa ne a hannun manzon da fadar da aka aika wa ta riga ta sani, ta yadda hatimin da fuskar manzon ke gaskata juna. A Borno kuwa sarakuna sun daɗe suna ba wa gidajen malamai mahram, wato takardar da ke keɓe su daga haraji da wasu hidimomin fada, wadda zuriya ke adanawa ta kai wa sabon sarki ya sabunta.

Fatake, waɗanda ake tsammanin su ne za su fi kowa buƙatar takarda, sun gina kasuwancinsu a kan maigida ko fatoma, wanda ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan bashi. Da wannan tsari aka yi fataucin goro zuwa Salaga da ƙasar Gwanja, kuma Abner Cohen, a binciken da ya buga a 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa ana sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, domin maigida ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma idan aka ci amana shi ne zai biya. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin rashin wayewa, domin tsari ne da ya fi takarda saurin hukunta maci amana, muddin masu hulɗar suna zaune a cikin jama'ar da ba za su iya guje mata ba. Rauninsa yana bayyana ne a ranar da ɗayansu ya zama baƙon da babu mai tsaya masa.

Notari ya fito ne daga wata duniya dabam. Asalinsa marubutan daular Rum ne masu tsara wa mutane takardun ciniki da wasiyya, aikin ya bunƙasa a biranen Italiya, musamman Bolonya, inda a ƙarni na 13 aka mayar da shi fannin karatu a jami'a, daga nan kuma ya rabu gida biyu. A Faransa dokar 1803 ta zamanin Napoleon ta mai da notari jami'in da gwamnati ta ba amanar tsara manyan takardu, kamar cinikin gida da rabon gado da yarjejeniyar dukiyar ma'aurata, takardarsa kuma hujja ce da ba a rushe ta sai da shari'a ta musamman a kan zargin jabu. A Ingila, inda kotuna suka dogara ga shaidar baka da rantsuwa, aikin ya kasance ƙunƙuntacce, ya fi shafar takardun da za su ƙetare teku, da bayanin da matuƙin jirgin ruwa ke yi idan kaya suka lalace a hanya, da takardun bashin 'yan kasuwa da aka ƙi biya. A 1279 Paparoma ya ba Babban Limamin Kantabari ikon naɗa notari, a 1533 kuma, bayan Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Rum, ikon ya koma hannun wata kotu da ke ƙarƙashin limamin. Wannan rabuwa ce ta biyo Turawan mulki zuwa ƙasar Hausa, shi ya sa Bahaushen Maraɗi da Bahaushen Kaduna suke nufin abu biyu mabambanta idan suka ambaci notari.

Da Turawan Ingila suka ci Arewa, ba notari suka fara kawowa ba, rajista suka kawo. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kan kujerunsu, amma sun wajabta a riƙa rubuta ƙararraki da hukunci da kuɗin da aka karɓa a cikin littafi, domin Razdan ko Di'o ya riƙa dubawa, kuma daga nan ne muhuti da magatakardan kotu suka zama mutanen da alƙalaminsu ke iya ɗaure mutum ko kwance shi. Littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara, cike suke da ƙararrakin gidaje da gonaki da gado da aka rubuta da Larabci. Wata takarda da ta yi tasiri ƙwarai a wancan zamani ita ce ta 'yanci, wadda kotun alƙali ke ba bawan da ya fanshi kansa ko aka fanshe shi, kuma ga talakawa da yawa ita ce takardar hukuma ta farko da ta taɓa ɗaukar sunansu. Sai kuma boko ya shigo, tun daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909, ofisoshi suka koma Turanci, aka samu masu sana'ar rubuta wasiƙa a bakin gidan waya da ƙofar kotu. Domin kada a cuci wanda bai iya karatu ba, jim kaɗan bayan haɗewar Arewa da Kudu ta 1914 aka yi dokar da ta wajabta wa duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, abin da ke nufin ya ɗauki alhakin cewa an karanta masa, an fassara masa, ya kuma yarda kafin ya dangwala yatsa. Dokar filaye ta 1924 ta ƙara da cewa idan mai sayarwa bai iya karatu ba, sai ya sa hannu a gaban majistare ko wani jami'i makamancinsa kafin a yi wa takardar rajista. Abin takaici a nan shi ne malamin da ya haddace Muhtasar yana iya zama jahili a idon takardar Turanci, kuma kotuna sun daɗe suna kai da komo a kan wannan batu kafin ra'ayi ya karkata ga cewa harshen da aka rubuta takardar da shi ne ma'auni. A wannan zamani ne kuma al'adar liƙa kan sarki a jikin rasiɗi a sa hannu a kansa ta bazu, har mutane suka ɗauka kan sarkin ne ke ba takarda ƙarfi, alhali shi harajin takarda ne kawai.

Dokar notari ta Najeriya ta fito ne a 1936, shekarar da aka soke bauta baki ɗaya a dokance a Arewa. Ta ba Babban Joji ikon naɗa lauyan da ya ga ya cancanta, ta sa a rubuta sunansa a rajistar da ke Kotun Ƙoli, ta mai da shi jami'in wannan kotu, ta kuma hana shi aiki a kan al'amarin da yake da wata maslaha a cikinsa. Ta ɗauki majistarori a matsayin notari saboda muƙaminsu, haka ma shugabannin kwastan na tashoshin ruwa a kan abin da ya shafi bayanin matuƙan jiragen ruwa, wanda ke nuna cewa Ikko da Fatakwal da kamfanonin Turawa aka yi wa dokar. Arewa ba ta da lauyoyin da za a naɗa, domin an hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai inda mafi yawan jama'a ke kai ƙara, kuma sai a 1955 aka samu lauya na farko ɗan Arewa, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori. Sai bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 tare da tsangayar shari'a, aka kuma kafa makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa a Ikko, sannan ofisoshin lauyoyi suka fara yawaita a Kaduna da Kano.

Kaduna ta bambanta da Kano da Zariya da Katsina ta fuskar da ta shafi wannan tarihi kai tsaye, domin gari ne da aka ƙirƙira. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin ne a ƙasar Gbagyi da ke ƙarƙashin Zazzau, inda layin dogo ya ƙetare kogi, aka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, garin ya cika da sojoji da ma'aikatan reluwe da akawuna da leburori, daga baya kuma da ma'aikatan masaƙu, kowa daga garinsu. A 1956 aka cire shi daga ikon En'e ta Zazzau aka mai da shi yankin babban birni mai kantoma, a 1967 ya zama hedikwatar jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma jihar Kaduna a 1976. A irin wannan gari maƙwabcin mutum ba lalle ne ya san kakansa ba, kuma ma'aikacin da ya shaida ciniki bana ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa Yola baɗi, saboda haka takarda ta samu matsayin da ba ta taɓa samu ba a tsofaffin birane. Malali ta bunƙasa ne da faɗaɗar garin zuwa gabas da arewa, bayan an kafa Kwalejin Gwamnatin Tarayya a can a 1973, aka gina rukunin gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi da matatar ruwan famfo, unguwar ta zama mazaunin ma'aikata da 'yan fansho da malaman makaranta, a gefe guda kuma tsohon ƙauyen da ke ƙarƙashin masu unguwanni yana nan yana yanka filaye bisa tsohuwar al'ada. Wannan cakuɗuwa ce ta sa gida biyu da ke kallon juna a layi ɗaya za a tarar ɗaya yana da takardar gwamnati mai lambar fayil, ɗayan kuma abin da yake da shi bai wuce rubutun hannu mai sa hannun shaidu huɗu da tambarin mai unguwa ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta gaji tsarin da Arewa ta sani tun dokar 1910 da ta 1962, ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta mai da abin da mutum ke da shi haƙƙin zama, ta kuma shar'anta cewa ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sharaɗin da Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Da yake neman amincewar yana cin lokaci da kuɗi, sai masu ciniki a birane suka koma amfani da takardar wakilci, wato takardar da mai gida ke ba wani ikon ya yi abin da ya ga dama da gidan a madadinsa, a kai ta gaban notari ya buga hatimi, mai saye ya tafi da ita yana ganin ya mallaka. Dokar shaida ta ba irin wannan takarda alfarma guda, cewa kotu za ta ɗauka an sa mata hannu yadda ya kamata idan an yi ta a gaban notari, amma alfarmar ba ta wuce nan ba, kuma a 1993, a shari'ar Ude da Nwara, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu, wakilci kawai take bayarwa. Rikicin shari'a na shekarar 2000 da wanda ya biyo baya a 2002 sun ƙara dagula lissafin, domin iyalai da yawa sun ƙetare kogi, Musulmi suka yi arewa Kirista suka yi kudu, aka sayar da gidaje ko aka yi musayarsu cikin gaggawa da fargaba, da takardun da wasunsu ba a kai su ofishin filaye ba sai bayan masu sa hannun sun rasu. Sa'ad da gwamnatin Malam Nasir el-Rufa'i ta kafa hukumar filaye ta KADGIS ta kuma nemi a sabunta takardun filaye a cikin kwamfuta, magada da yawa sun gano cewa hatimin da ke jikin takardar mahaifinsu yana shaida cewa an sa hannu ne kurum, bai ce komai ba game da ko mai sa hannun shi ne mai gidan.

Hanyar da ta fi kowace shiga rayuwar talaka ita ce takardar rantsuwa, wadda dokar rantsuwa ta 1963 da dokar shaida ta 2011 suka tsara. Da yake rajistar haihuwa ta daɗe ba ta game ƙasa ba kafin dokar soja ta 1992 ta ɗora aikin a kan hukumar ƙidaya, mafi yawan manyan Malali da takardar rantsuwar shekaru suka shiga makaranta ko aikin gwamnati, inda uba ko kawu ko yaya ke rantsuwa cewa an haifi wane a shekara kaza. Haka ake yi idan satifiket ya ɓata, ko mace ta koma amfani da sunan miji, ko za a karɓi haƙƙin mamaci, kuma shafin canjin suna na jaridu irin su New Nigerian, wadda aka fara bugawa a Kaduna a 1966, ya zama abokin tafiyar wannan takarda. Zuwan lambar banki ta BVN a 2014 da matsa lamba a kan lambar ɗan ƙasa ta NIN sun fito da wata tsohuwar matsala fili, domin Bahaushe yana iya zama Muhammadu a firamare, Mohammed a sakandare, Mamman a wurin aiki, ya ɗauki sunan garinsu a fasfo da sunan kakansa a banki, kwamfuta kuwa tana ganin mutum biyar ne. A nan ne ya kamata a faɗi abin da ba shi da daɗin ji. A zauren alƙali rantsuwa abu ne da ake gudu, mutum yana yin alwala ya dafa Alƙur'ani, da yawa kuma sun gwammace su bar haƙƙinsu da su rantse, amma takardar rantsuwa ta ofis ta zama abin da ake aiken yaro ya karɓo ta hannun 'yan kamasho da ke tsaye a ƙofar kotuna, mai rantsuwar bai ga wanda ya rantsar da shi ba. Doka ba ta san da wannan sauƙi ba, domin ƙarya a cikin takardar rantsuwa laifi ne na shaidar zur a ƙarƙashin dokar Final Kod, kuma yawan wasa da ita na cikin dalilan da suka sa ofisoshin jakadanci ba sa gamsuwa da takardar Najeriya sai an bi ta da tambari a kan tambari.

Ainihin filin notari shi ne takardar da za ta fita waje. Ɗalibin da zai tafi Masar ko Sudan ko Malesiya ko Indiya, da ɗan kasuwar da zai naɗa wakili a Dubai ko Sin, da iyayen da za su tura yaro da wani ɗan'uwa, da magadan wanda ya rasu ya bar dukiya a Saudiyya, duk suna buƙatar jami'in wata ƙasa da bai san kowa a Kaduna ba ya yarda da takardarsu. Yarjejeniyar Heg ta 1961 ta sauƙaƙa wannan tsakanin ƙasashen da suka shige ta, inda tambari ɗaya daga hukumar ƙasar da takarda ta fito ya wadatar, Saudiyya ta shiga a 2022, Sin kuma a 2023, amma takardar Najeriya tana bin doguwar hanya: notari ya shaida, idan ta karatu ce ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tabbatar, ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta gaskata sa hannun da ya gabata, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya gaskata na ma'aikatar. Kowane mataki yana shaidar wanda ke ƙasa da shi ne, wanda ke tuna wa mai nazarin fiƙihu da tsarin tazkiyya, sai dai a nan samfurin sa hannu da ke cikin fayil ne ya maye gurbin sanin hali. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin Faransa, notari ba lauyan kotu ba ne, jami'i ne mai ofishi na kansa da ake zuwa wurinsa domin cinikin gida mai rajista da kafa kamfani, gaskata kwafin takarda kuwa galibi a ofishin magajin gari ko na 'yan sanda ake yi, kuma ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kaduna ya kan sha mamakin yadda takardar da ta isa hujja a can ta zama mafarin magana kawai a nan.

Abin da ake nema daga mai zuwa wurin notari ya biyo bayan abin da notarin zai shaida ne. Da yake zai ce ya ga mutumin da idonsa, dole mai sa hannu ya zo da kansa, ɗauke da abin da ke nuna ko shi wane ne, kamar fasfo ko katin ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi ko katin zaɓe, kuma sunan da ke jikin katin ya yi daidai da na takardar harafi da harafi. Da yake zai ce a gabansa aka sa hannu, ba a zuwa da takardar da aka riga aka sa wa hannu a gida, ba a kuma barin gurbin da za a cike daga baya, domin gurbin da aka bari a ƙarƙashin hatimi ƙofa ce ga maha'inci. Da yake zai ce kwafi ya dace da asali, sai an kawo asalin, hoto a waya ba ya isa. Idan takardar da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, kamar takardar aure ko ta rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci irin ta Magajin Gari, akan nemi kwafin da magatakardan kotun ya tabbatar tare da fassarar da mai fassara ya rantse a kanta. Idan mai sa hannun tsoho ne da bai iya Turanci ba, ko makaho, sai a rubuta a ƙarshen takardar cewa an karanta masa an fassara masa ya kuma nuna ya fahimta, tare da sunan tafinta. Lauyan da ke tsaya wa mutum a shari'a ba shi ne zai rantsar da shi a kan takardar da za a shigar a wannan shari'a ba, ko da kuwa notari ne, kuma ba kowane lauya ne notari ba, tunda ana neman wanda ya shekara aƙalla bakwai yana aikin lauya kafin a naɗa shi. Mazauna Malali sukan sami waɗannan ofisoshi a tsakiyar gari, a kan titunan Ahmadu Bello da Ali Akilu da Yakubu Gowon, kuma mai hankali yakan fara tambayar hukumar da za ta karɓi takardar irin tambarin da take so, domin abin da banki ko makaranta ta gida ke nema sau da yawa bai wuce rantsuwar kotu ba, wadda kuɗinta bai kai na notari ba.

A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar notari da ta soke ta 1936 bayan shekara 87, wadda ta halatta a shaida takardar kwamfuta da hatimi da sa hannu na lantarki, ta kuma yarda mai sa hannu ya bayyana ta hoton bidiyo kai tsaye daga wani gari ko wata ƙasa, da sharaɗin notarin ya yi rajistar wannan aiki a wurin babban magatakardan Kotun Ƙoli. A shekarar ce kuma aka yi wa dokar shaida gyaran da ya ba da damar yin rantsuwa ta wannan hanya. Ga ɗan Malali da ke zaune a Landan ko Jidda yana son ya wakilta ƙanensa a kan gidan gado, sauƙi ne na gaske. Amma dokar ba ta faɗaɗa abin da hatimin ke shaidawa ba ko da taƙi ɗaya: yana tabbatar da cewa wane ya bayyana, an gane shi, ya sa hannu ko ya rantse, gaskiyar abin da ya faɗa kuwa tana wuyansa, mallakar fili kuma a rajistar KADGIS ake bincika ta. Haka nan ba ta taɓa hanyar fita waje ba, domin a lokacin da aka sa mata hannu Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg, saboda haka takardar da aka shaida ta bidiyo a Kaduna sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci a Abuja kafin wata ƙasa ta karɓe ta.